Hannun da ya dace da tsohon gem: abin da muke dubawa kafin mu miƙa wa mutum

Sana'armu a nan Gusau gyaran hannun gem ce da sayar da shi, kuma yawancin masu neman hannun tsofaffin wasanni ba yara ba ne. Magidanta ne da suka tashi da gem mai kaset ruwan ɗorawa, yanzu suna marmarin Mario da Contra da Sonic, wani a waya, wani a kwamfuta, wani kuma tsohon injinsa ya kakkaɓe. Da sun shigo sai su ce, "Malam, wane hannu ya fi kyau?" Mu kuma mu ce, "Alhaji, wane wasa za ka buga?" Ba kewaye-kewaye ba ne. Kowane tsohon wasa da hannun da aka ƙera shi a kai.

Famicom, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, shi ne uban duk gem ɗin kaset da suka cika kasuwanninmu a da. Kibiyoyi huɗu gare shi da madannai biyu, B a hagu, A a dama. Sega Mega Drive ya zo a 1988 da madannai uku a jere, sai a 1993 aka yi masa hannu mai shida. Super Nintendo na 1990 yana da huɗu a fuska da biyu a kafaɗa. PlayStation na farko, na 1994, shi ma, kamar waɗancan, ba shi da sandar analok, wato ƴar sandar da ake juyawa da babban yatsa. DualShock, hannunsa mai analok, sai a 1997 ya fito. Ka ga ke nan yawancin wasannin wancan zamani a kan kibiya suke tafiya. Wanda ya sayi hannu saboda santsin analok ɗinsa don ya buga Contra, ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa ba.

Shi ya sa kibiya muke fara dubawa, kuma a nan ne jabun kaya ke tona wa kansu asiri. A ƙarƙashin kibiyar kirki akwai ɗan tudu a tsakiya wanda take lilo a kansa. Aikinsa shi ne ya hana hagu da dama dannuwa lokaci guda, haka sama da ƙasa. Ɗora babban yatsa a tsakiyar kibiyar ka danna da ƙarfi. In duk ta nutse gaba ɗaya, tudun ya yi gajere ko babu shi sam, ajiye hannun nan komai kyan kwalinsa. Gwaji na biyu: danne ƙasa, ka riƙa ɗan karkata yatsa hagu da dama ba tare da ka ɗaga ba. Hannu mai kyau zai tsaya a ƙasa har sai ka karkata da gangan. Maras kyau kuwa, a Contra kana son ɗan wasanka ya kwanta ya kauce wa harsashi, sai ka ga ya ci gaba da tafiya yana harbi a karkace, an kashe shi. Mutum ya yi ta zargin yatsunsa wai girma ya zo, alhali laifin robar ciki ne.

Wannan matsala tana gyaruwa in ba ta yi yawa ba. Mukan buɗe hannun, mu yanka ƙananan salatif huɗu, mu rufe gefen ciki na kowane wurin taɓi a jikin fanel, wato gefen da ke kallon tsakiya, kamar kashi ɗaya cikin uku. Daga nan sai an danna kibiya sosai kafin ta amsa. In ka rufe fiye da rabi, karkata za ta ƙi shiga gaba ɗaya, Street Fighter kuma ba ya buguwa sai da ita. Aiki ne na haƙuri, a rufe a gwada, a buɗe a rage.

Tunda an ambaci Street Fighter II: naushi uku ne da shuri uku. A hannun Mega Drive mai madanni uku sai ka danna Start kafin ka sauya daga naushi zuwa shuri, ana tsakiyar faɗa. Mai son wannan wasa hannu mai shida ya dace da shi, X Y Z a sama na naushi, A B C a ƙasa na shuri. Cikin sababbin ƙira, M30 na kamfanin 8BitDo wannan siffar aka yi masa, SN30 Pro kuma siffar Super Nintendo da ƙarin analok biyu. In tsohon injin Sega kake da shi, ka san amfanin ɗan madannin Mode da ke kafaɗar dama: wasu tsofaffin wasanni, irin su Golden Axe II, suna rikicewa da hannu mai shida. Ka danne Mode yayin kunna injin, hannun zai koma mai uku.

Ga wani kuskure da ke kawo mana aiki. Bakin hannun Mega Drive rami tara ne, yawancin gem ɗin kaset na kwaikwayo su ma rami tara ne, kuma wannan yana shiga cikin wancan daram. Amma jeren wayoyinsu ba ɗaya ba ne, ƙafar da wuta ke bi daban take. In an yi sa'a hannun ya ƙi aiki kawai, in ba a yi ba wani abu ya ƙone.

Sai hannun PS2, wanda duk gidan gem a Zamfara ya san shi saboda ƙwallo. Na ainihi, DualShock 2, yana da lamba SCPH-10010 a baya, da injin girgiza biyu, babba a hagu, ƙarami a dama. Madannansa suna jin nauyin dannawa, shi ya sa a Gran Turismo za ka iya ba mota wuta kaɗan-kaɗan da madannin X. Jabu bai san wannan ba, ko a danne ko a sake. Kuma lambar nan ba hujja ba ce, don masu kwaikwayo sun iya buga ta tsaf, har tambarin kamfani. Dillalan da ke turo mana kaya daga kudu sukan rantse cewa kwali guda duk na ainihi ne, ka buɗe ka tarar an cakuɗa. Akwai wanda za ka ji nauyinsa daidai a hannu, ka kwance ka ga guntun ƙarfe aka manna a mazaunin injin girgiza. Don haka babu hannun da ke hawa kantarmu sai an kwance shi an duba cikinsa. Mai saye ya zo yana cewa, "Haba yayana, can gaba rabin wannan kuɗin ne." Gaskiyarsa, rabin kuɗin ne. Mukan ajiye masa guda biyu a buɗe, namu da irin wancan, ya dubi kaurin roba da kaurin waya da idonsa.

Wani abu game da wasannin PlayStation na farko: da yawa ba su san analok ba. In jar fitilar tsakiya tana kunne wasan ya ƙi amsawa, danna madannin Analog ta mutu. Ape Escape na 1999 ne akasin haka, ba ya buguwa sai da analok.

Nintendo 64 na 1996 shi kaɗai ne ba ma yi wa kowa alkawari a kansa. Sandarsa roba ce ke gugar roba, tana cinye kanta, in ka buɗe sai ka ga farin gari a cikin ƙoƙon. Wankewa da ɗan man silikon na rage gudun lalacewar, amma wadda ta riga ta saki sai canji.

Mai waya ko maras waya? Yawancin wasannin nan hoto 60 suke nunawa a daƙiƙa, na tsarin Turai 50. Tsalle ɗaya a Mario yana iya lalacewa saboda jinkirin hoto biyu ko uku. Galibi hannu mai waya ya fi kowane saurin amsawa, sai mai ɗan makullin USB na 2.4GHz, sai Bluetooth, wanda saurinsa ya danganta da wayar ko kwamfutar da aka haɗa. Mai bugawa a wayar Android ya nemi ɗan mahaɗin OTG ya sa hannu mai waya, ya huta da caji, balle a garin da wuta ke zuwa ta ga dama. Batirin ciki kuma ba ya shiri da zafin bazararmu. Wanda aka bari a mota ko kan janareta kumbura yake har ya ɗaga murfi. Sau da yawa ma jinkirin daga talabijin yake. A shiga saitinta a kunna Game Mode kafin a ɗora wa hannu laifi. Bindigar wasan harbin agwagwa kuwa ba ta aiki da talabijin ta bango ko kaɗan, sai tsohuwa mai ƙeya.

In hannun Xbox ko PlayStation kake da shi kuma ba ka son sayen wani, gyara jeren madannai a RetroArch ko duk manhajar buga tsofaffin wasanni da kake amfani da ita. A Mario ana danne B don gudu, a taɓa A don tsalle, da yatsa ɗaya. A hannun PlayStation ka mayar da gudu kan murabba'i, tsalle kan X, yadda kan yatsa zai danne ɗaya, gaɓarsa ta taɓa ɗaya. Ka kuma lura A da B na Xbox a juye suke da na Nintendo.

Mafi yawan hannun da ake kawo mana wai ya mutu, datti ne kawai. Ƙurar hunturu da gumin hannu suna haɗuwa su rufe baƙin ɗigon da ke ƙarƙashin roba, wanda shi ke haɗa wuta. Audugar kunne da sifirit mai ƙarfi, kashi 90 ko sama, a goge fanel da ɗigon a hankali, a bari ya bushe. Kada a kankare da reza ko sanfefa, kada a sa fetur, yana cin roba. In robar ta tsage a wuya, canji za a yi, kuma a nan ma jabu sun yi yawa: wata tauri kamar taya, wata laushi har madanni ya ƙi dawowa. Muna ajiye robobin tsofaffin hannaye na ainihi da suka fashe saboda irin wannan rana.

Waya kuma a wuyanta take karyewa, daidai inda ta fito daga jikin hannu, saboda naɗe ta da ake yi tamau. Alamarta hannu ya riƙa ɗaukewa in an motsa. Mukan yanke kamar tsawon yatsa daga wurin, mu gwada kowane sili da mita, mu mayar da dalma launi bisa launi, sannan mu zagaya wayar ta cikin ƴan turakun da ke jikin murfi yadda aka yi ta tun asali, don in yaro ya fizga, murfi ya ɗauki nauyin ba dalma ba.