Allurar da ke bayan robar daddawa

Talata, bayan sallar isha'i.

Tun ƙarfe bakwai na fita yau, gari bai gama wayewa ba, ga yayyafin nan na Manchester da ke bin mutum a hankali har sanyi ya shiga ƙashi. Yaya ce ta roƙe ni in raka ta asibiti. Saura mako uku a yi mata aikin cire ƙarin da ke mahaifarta, yau kuma ranar da suke duba mutum ne su yi masa tambayoyi kafin tiyata. Turanci tana ji sarai, shekararta goma sha tara a ƙasar nan, amma da ta taka ƙofar asibiti sai gabanta ya riƙa faɗuwa, ta fito ta ce ba ta riƙe komai ba. Ni ce mai riƙe mata.

Akwai abin da na kwana da shi a raina. Tun watan Yuli na san Yaya tana yi wa kanta allurar rage ƙiba. Na je gidanta muna girki, ta ce in miƙo mata daddawa a firij, ina jawo robar sai ga wani ɗan kwali a bayanta an naɗe shi da baƙar leda. Mounjaro ne, irin mai kama da ƙaton biro, wanda ake yi sau ɗaya a mako. Ta karɓe shi daga hannuna ta ce, "Auta, amana na ba ki. Ko Alhaji bai sani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na riƙe amanar wata huɗu, ban gaya wa ko maigidana ba.

A cikin bas na ce, "Yaya, yau dai za ki gaya musu ko?" Ta juya tana kallon taga. Can ta ce, "Me ya haɗa allurata da mahaifa?" Ban ƙara magana ba, don na san in na matsa mata a nan za ta kulle ne gaba ɗaya.

Da kuɗinta take saye, ta intanet, daga wani kemis mai rajista. Ba ƙin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ta yi ba, ba ta cikin waɗanda ake bai wa ne. Da aka fara bayar da allurar ta hannun likitocin unguwa a Ingila a watan Yunin 2025, an fara ne da masu BMI (ma'aunin ƙiba da ke gwada nauyi da tsawo) 40 zuwa sama waɗanda kuma ke da aƙalla huɗu cikin cututtuka biyar: ciwon suga nau'i na biyu, hawan jini, ciwon zuciya da jijiyoyin jini, ɗaukewar numfashi cikin barci, da yawan kitse a jini. Mu baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka ana rage mana 2.5 a ma'aunin, ya koma 37.5. Yaya tana 34 ne, hawan jini kawai gare ta. Su kuwa masu sayarwa, daga 30 suna bayarwa. A watan Afrilu ta cike fom, suka kira ta ta bidiyo ta hau sikeli suna gani, kamar yadda hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta tsaurara tun Fabrairun 2025. A cikin fom ɗin akwai wurin da aka tambaye ta ko ta yarda a sanar da GP ɗinta, wato likitar unguwarsu. Ta zaɓi a'a.

Nas ɗin da ta gan mu dattijuwa ce mai sanyin murya. Ta auna tsawo da nauyi, ta ɗaura mata abin awon jini, ta dubi allon ta sake aunawa. Ya sauka ƙwarai, 102 bisa 64, ga mace mai shan ƙwayar hawan jini iri biyu kullum safiya. Ta tambaye ta ko tana jin jiri. Yaya ta ce kaɗan-kaɗan. Ni na san ya fi kaɗan. Ranar Juma'ar da ta wuce a gabana ta ɗago daga sujada ta dafa bango, ta ƙarasa sallar a zaune.

Sai aka zo kan magunguna. Yaya ta zazzage jakarta a kan tebur: amlodipine, ramipril, ƙwayar ƙarin jini, da maganin ciwon mara. Nas ta rubuta, sannan ta yi tambayar a fili, ba tare da ta ɗago kai ba, alamar kowa take yi wa ita: ko tana yin wata allurar rage ƙiba, irin su Mounjaro ko Wegovy, ko da da kuɗinta ta saya?

Yaya ta ce a'a.

Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi ɗumi. Hannunta yana kan cinyarta, tana murza gefen mayafi da yatsu biyu, yadda Inna take yi in tana ɓoye damuwa. Na sunkuya na ce mata da Hausa, "Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ba zan faɗa ba, amanarki ce. Amma barci za su sa ki, kuma ni ce zan zauna a waje ina jira." Nas ta tsaya da rubutu tana kallonmu, ba ta ce komai ba. Ban san tsawon shirun ba. Daga ƙarshe Yaya ta ce da ita, murya ƙasa-ƙasa, tana yi, miligiram 7.5, duk daren Alhamis, kuma kilo goma sha uku ta rage.

Matar nan ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce ta gode da ta faɗa, ta rubuta, sannan ta juyo da kujerarta ta yi mana bayani. Allurar tana rage saurin da abinci ke barin tumbi, shi ya sa mutum ke daɗewa a ƙoshe. To ko an yi azumin sa'o'in da suke cewa a yi kafin tiyata, ana iya samun sauran abinci a ciki. In aka sa mutum barci, abin zai iya tasowa ya faɗa huhu, kuma wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Hukumar MHRA mai sa ido kan magunguna ta fitar da gargaɗi a kan haka tun Janairun 2025. Ta ce kada Yaya ta daina ko ta canza komai da kanta. Likitan da ke sa barci shi zai duba ya faɗi yadda za a shirya ta, tunda yanzu ya sani. Game da jirin kuma, ta ce nauyi ya sauka, ci da sha sun ragu, amma ƙwayoyin hawan jini suna nan yadda aka rubuta su tun tana da ƙibarta. Wannan aikin GP ne, kuma kada a jira sai bayan tiyata.

Da muka fito Yaya ba ta yi mini magana ba har muka wuce tashar bas ɗinmu. Muka shiga wani ɗan shago na sayo mana shayi. Ta kurɓa sau biyu ta ajiye, ta ce, "Kin kunyata ni." Na ce, "Ki yafe mini, Yaya." Sai ta fara hawaye, daga nan kuma maganar da ta danne wata da watanni ta fito.

Ta ce shekara da shekaru duk abin da ta kai wa likita, gwiwa ce, baya ne, jinin al'ada ne da ya ƙi tsayawa, amsar farko ita ce ta rage nauyi. Ta daina tuwon dare, ta yi tafiyar ƙafa har tafin ƙafarta ya yi kanta, ta koma inda take. Yanzu da ta samu abin da ya yi mata aiki, tsoro take ji a ce mata wa ya aike ta, ko a hana ta. Sannan ga mutanenmu. A wurin sunan da aka yi watan jiya wata ta riƙe mata hannu ta ce, "Hajiya, lafiya kuwa? Kin zube." Wata kuma ta ce ai yanzu kowa allura yake yi, an daina wahala. In ka rame a ce ciwo, in aka ji dalili a ce ragwanci. Ga kuɗin kuma, wanda daga adashenta take cirewa, tun ba ma da kamfanin ya ƙara farashi ranar 1 ga Satumban 2025 ba, har mafi ƙarfin allurar ya tashi daga fam 122 zuwa 330 a wata.

Duk na fahimce ta. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda ta faɗa daga baya, kamar ba komai ba. Ashe a watan Agusta da ta je awon jini, likitar unguwarsu ta lura ta rame, ta tambaye ta ko da niyya ne, Yaya ta ce ita dai ba ta jin cin abinci. Likitar ta tayar da hankalinta, ta sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ba ta 'yar robar gwajin bayan gida, don rama ba dalili ga mace mai shekara arba'in da bakwai abu ne da suke bi da gaggawa saboda sankara. Yaya ta yi duk gwaje-gwajen nan tana sane da dalilin ramarta. Baiwar Allah tana can tana neman cuta, amsar kuwa tana cikin firij.

Ni dai a ganina ya kamata GP ya sani. Ɓoye wa matan unguwa daban, ɓoye wa wanda ke rubuta maka magani daban. Matan unguwa ba su da abin yi da labarin sai yaɗawa. Likita kuwa shi ke riƙe da fayil ɗin da za a buɗe ranar da aka kawo ka asibiti ba ka iya magana, kuma abin da ka saya da kuɗinka ba ya shiga fayil ɗin da kansa sai an sanar. In mace ta zo da matsanancin ciwon ciki mai ratsawa har baya, sanin tana wannan allurar zai sa a yi saurin tunanin kumburin gaɓar nan mai samar da insulin, ko tsakuwar matsarmama. Mai ciwon suga da ke shan gliclazide ko yin insulin, sugansa na iya faɗuwa. Na kuma tuna 'yan matanmu da ba su daɗe da aure ba: a watan Yunin 2025 MHRA ta ce Mounjaro na iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ake sha, a ƙara da wata kariya na mako huɗu bayan farawa da bayan duk ƙarin awo, kuma ba a yin allurar da ciki ko ana shayarwa. Nawa ne cikinsu suka karanta takardar da ke cikin kwalin?

Inda nake jan ƙafa shi ne a ce dole a sanar da GP, ko mutum ya yarda ko bai yarda ba. Na san Yayata. Da kemis ɗin ya ce sai ya rubuta wa likitarta, da ta rufe shafin ta nemi mai sayarwa a shafukan sada zumunta, inda ba mai tambayar nauyinka balle hawan jininka. A 2023 an kama allurai na jabu a ƙasar nan, an kwantar da mutane a asibiti sugansu ya faɗi warwas, alamar insulin aka ɗura a ciki. Maƙwabciyata da ke aikin karɓar baƙi a wani asibitin unguwa ta taɓa ce mini wasiƙun kemis-kemis sun yi musu yawa, wasu ma so suke likita ya duba musu fayil ya tabbatar mutum ya cancanta, aikin da ba nasa ba. Wannan kukan gaskiya ne. Amma sanar da likita ya rubuta layi ɗaya a fayil ba ɗaya ba ne da ɗora masa alhakin maganin da wani ya rubuta. Abin da na ga ya yi aiki yau shi ne yadda nas ɗin ta yi tambayar, da yadda ta karɓi amsar ba tare da ko ɗan tsaki ba.

Da la'asar muka koma gidanta. Ta yi salla, na lura a hankali ta miƙe, tana dafe da kujera. Sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Rubuta musu, ni ban san yadda zan fara ba." Muka buɗe fom ɗin asibitin unguwarsu, tana faɗa ina rubutawa: sunan allurar, watan da ta fara, awon da take kai, jirin, da ranar tiyata. Ta sa na karanta mata sau biyu, ta ce in ƙara cewa tana ba likitar haƙuri a kan watan Agusta. Ita ta danna aikawa da yatsanta.

Alhaji har yanzu bai sani ba, ta ce sai bayan aikin za ta gaya masa da bakinta, ni kuma ban ce komai ba. Ƙarfe shida saura suka turo mata saƙo: ta zo jibi Alhamis ƙarfe tara da rabi, ta taho da ƙwayoyinta duka da kwalin allurar. Ta ce in zo in raka ta. Na nemi a canza mini aikin safe zuwa na yamma, ina jiran amsa.