Ina Hura wa Wasu Wuta, Murhuna Ya Mutu

Ƙannena, akwai abin da na ɓoye har shekara 4, kuma ɓoyewar ta fi abin kansa yi mini lahani. A lokacin ni ne sakataren matasa a ikkilisiyarmu a Kaduna, ina cikin mawaƙa, ranar Asabar kuma in bi 'yan ƙungiyar wa'azi ta Sabon Rai fita bishara. Makullin majami'a ma a aljihuna yake kwana. Amma in na koma ɗaki na rufe ƙofa, ba ni da abin faɗa wa Allah. Ba na buɗe Littafi Mai Tsarki sai an ba ni jagorancin nazari, nan ma abin da zan gaya wa wasu nake nema. In aka ce in yi addu'a a gaban jama'a, baki ya riga ya san hanya, mutane su amsa da amin mai ƙarfi, ni kuwa zuciyata kamar tokar jiya.

Da na ji sanyin, sai na ƙara wa kaina aiki, wai ko hidima za ta cike ramin. Ba ta cike ba. Na koma bin tarurrukan farkaswa da kwanan addu'a, duk inda na ji an kafa rumfa ina can. Ba na kushe su, Allah yana aiki a cikinsu. Amma a wurina wutar kara ce: ta tashi bal-bal daren Juma'a, kafin Talata ta mutu, ta bar ni da kunyar da ta fi ta da.

Wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata ce ta gano ni. Bayan sujada ina tattara kujeru, ta kira ni gefe ta ce, "Ɗana, kana waƙa, amma idonka ba ya waƙa." Na ce, "Gajiya ce, Mama." Ta yi shiru tana dubana, har na kasa, na faɗa mata gaskiya. Ta ciro Littafinta daga jaka, tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda Dokta Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi, bangonsa an ɗinke da ƙyallen atamfa, gefen shafukan ya yi baƙi don yawan taɓawa. Ta buɗe wasiƙar da aka aika wa ikkilisiyar Afisa, a sura 2 ta Ru'ya ta Yohanna, littafin ƙarshe a Littafi Mai Tsarki, ta ce in karanta da ƙarfi.

Na sha karanta wurin, amma ban taɓa lura cewa da yabo aka fara ba. An yaba wa mutanen Afisa aikinsu, da wahalarsu, da haƙurinsu, har da yadda suka gwada manzannin ƙarya suka tona su. Ba malalata ba ne, irina ne. Laifinsu ɗaya, sun bar ƙaunarsu ta fari. Maganin da aka ba su kuwa, a aya ta 5, babu sabon abu a ciki: su tuna inda suka faɗo, su tuba, su koma ga ayyukan da suka yi da fari. Mama ta tambaye ni, "Da ka fito daga ruwan baftisma, me kake yi da asuba?" Na tuna ina zama a bakin gado da fitila, in karanta 'yan ayoyi, in yi wa Yesu magana kamar yana zaune kusa da ni. Ta ce, "To, koma can."

Na ajiye biyu daga cikin muƙamaina. Ya yi mini wuya ƙwarai, don ashe yabon mutane ya zame mini abinci. A nan labarin annabi Iliya ya riƙe ni, a 1 Sarakuna 19: bayan nasararsa a kan annabawan gunkin Ba'al a Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya roƙi mutuwa, mala'ika kuwa bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ba shi har sau biyu. Wani sanyin, ƙannena, gajiya ce tsagwaronta. Ku yi barci, ku ci abinci, ku koyi cewa "ba zan iya ba wannan karon."

In kun ji zuciyarku ta yi sanyi, kada ku jira shekara 4 kamar ni. Ku nemi babba guda mai riƙon asiri, dattijo ko uwa a cikin ikkilisiya, ku faɗa masa a fili. Kada kuma ku jira sai kun ji daɗin addu'a kafin ku durƙusa. Ni da Bisharar Markus na sake farawa, surori 16 ne kawai a cikinta, rabin sura kowace asuba, wayata tana wani ɗaki. Makonni suka wuce ban ji komai ba. Sai wata safiya na iso inda uban wani yaro mai aljani ya ce wa Yesu ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, a sura 9. Na maimaita maganarsa a matsayin tawa, hawaye suka zubo mini, har ladanin unguwarmu ya gama kiran salla ban tashi daga bakin gadon ba.