Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Makon Farko Bayan Tiyatar Gyaran Hanci

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya daidai lokacin fitowa daga ɗakin tiyata. Yau labari zai ɗan dakata, don tambayar da ta fi yawa ita ce: yaya zafin yake?

Gaskiya zogin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Abin da ke gallabar mutum toshewa ce. Cikin hanci ya kumbura, wani lokaci an cusa auduga ko siririyar roba, sannan ga abin tallafi manne a karan hanci. Dole sai da baki za a yi numfashi, shi ya sa ake farkawa cikin dare maƙogwaro ya bushe ƙamas, leɓe ya tsage. Ga kuma kaushin da bututun numfashin da aka zura lokacin tiyata ya bari a maƙogwaro. Goshi da kumatu su yi nauyi kamar mai muguwar mura.

Kumburi yakan fi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, lokacin da jini ke kwanciya a ƙarƙashin ido. Wannan ba abin tsoro ba ne, yakan washe cikin mako 2. A kwanta rigingine, a ɗaga kai da matashi 2 ko 3. Ƙanƙara a naɗe ta cikin ƙyalle, a ɗora a kumatu na minti 15, ban da kan hancin. Farasitamol yakan wadatar, amma babba kada ya wuce giram 4 a awa 24. Asfirin kuwa yana tsinka jini, a bar shi sai in likita ya ce. Magungunan kashe zogi masu ƙarfi kuwa sukan kawo tashin zuciya da taurin bayan gida.

Kada a fyace majina, ko da ta dame ka, a ƙalla mako 1 zuwa 2. Feshin ruwan gishiri shi ke tausasa busasshen jini. Atishawa ta zo, a buɗe baki. Tabarau kuma sai bayan mako 4 zuwa 6, domin nauyinsa na iya dannar ƙashin da bai gama haɗewa ba. Wanda aka ciro wa guringuntsi daga haƙarƙari don gyaran hancin, ƙirjinsa ma ya fi hancin ciwo, musamman wajen tari ko dariya.

Ciwon da ya kamata ya tayar da hankali shi ne wanda ke ƙaruwa bayan kwana 3 maimakon ya lafa, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko mugunya, ko zazzaɓin da ya haura digiri 38. Nan ba jira, a kira likita.

Abin tallafin ana cire shi wajen kwana 7. Tsinin hanci kuwa zai yi watanni kamar ba naka ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ranar cire ɗinki.