Jan Jirgin Ceto a Bakin Raƙuman Ruwa

Sana'ata jan jirage ce a teku, da jiragen ja guda biyu da yarana. Na ja jirgin da injinsa ya mutu, na ja na dakon kaya, amma babu wanda ke hana ni runtsawa kamar ƙaramin jirgin ceto mai nutsewa. Tulun ƙarfe ne, wani ya kai tan 30, duk jikinsa a ruwa, ƙeyarsa kaɗai ke leƙowa. Don zurfi aka ƙera shi. A saman ruwa kuwa sai tangaɗi, ka ƙara wuta kaɗan ya dulmiya hanci.

Sabon yaro yana ganin gajeriyar wayar jan jirgi ta fi tsaro, tunda abin yana kusa da ido. Ina! Mu sakin waya muke yi har tsakiyarta ta yi ciki ta nutse. Wannan lanƙwasar ita ke shanye fizga. Sannan a daidaita tsawon yadda idan raƙumin ruwa ya ɗaga mu, wani ya ɗaga shi a lokaci guda. In muna hawa shi yana gangara, wayar ta saki, ta dawo ta ɗaure tam, sai ka ji ƙarar har cikin haƙoranka. Shi ya sa muke haɗa guntun igiyar nailan mai miƙewa, mu naɗe wurin da wayar ke gogar bayan jirgi. Gudu kuwa, tafiyar mai ƙafa.

Duk wanda na ɗauka aiki sai na ba shi labarin Pisces III, wani ƙaramin jirgi mai nutsewa. A Agustan 1973, kudu maso yammacin Ayalan, ya gama aikin wayar tarho ta ƙarƙashin teku ya taso, ana shirin jan sa, igiyar ta sarƙe murfin bayansa ta ɓalle shi. Ruwa ya cika sashen bayan, jirgin ya koma ƙasa mita 480 da mutum biyu a ciki, Roger Chapman da Roger Mallinson. Awa 76 suka yi kafin a fito da su, iskar shaƙarsu saura ta minti 12.

Don haka kafin in ce a motsa, mai nutso ya zagaya ya tabbatar igiya ba ta raɓi murfi ko farfela ba. Mutum ɗaya kuma ba shi da aiki sai kallon waya, hannunsa kusa da birkin injin naɗi. Kuma kowa ya kauce daga saitinta, don in ta tsinke, baya take dawowa kamar bulala.