Gane Ƙudan Zuman Gida Daga Hoto

A duniya akwai nau'in ƙudan zuma fiye da 20,000, amma yawancinmu a Jos wanda ke cika amya kaɗai muka sani, kuma hakan yana damuna. Nakan ɗauki hoto da sassafe, lokacin da sanyin Filato ya rage musu kuzari, kuma ta gefe nake ɗauka domin ƙafafu su fito sosai. Mai zumar da muka saba da shi a ƙafafun baya yake tara garin fure, alhali wani nau'in, mai yankan ganye, a ƙarƙashin ciki yake ɗauka. Fikafikansu huɗu ne, na ƙudajen da ke kama da su amma ba ƙudan zuma ba ne kuwa biyu. Ƙananan ƙudan zuma marasa harbi dai sai masani ya duba su da madubin ƙara girma.