Garin farmasi da ƙwaryar Inna

Talata, Damagaram.

Kwana uku ke nan Auta yana zawo. Babu zazzaɓi, babu amai, kuma abin ya soma ne bayan da aka ɗora shi kan antibiyotik, maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda ciwon kunne. Da safe na nemi izini a lakwal, na tare kabu-kabu muka koma wurin likita. Ya ce kada in yanke maganin, in ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari, sannan ya rubuta wani gari da ake damawa a ruwa. Furobiyotik, in ji shi.

Ni da nake koyar da kimiyyar halittu, sai da na zauna a benci ina jiran canji a farmasi na tsaya na yi tunanin abin da kyau. Hanjin mutum gari ne guda, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, mafi yawansu masu amfani. Suna narkar da abin da cikinmu ya kasa, suna ƙera wasu bitamin, sun kuma cika wuri har mugu bai samun inda zai shimfiɗa tabarma. Antibiyotik kuwa bai san nawa da naka ba. Ya je neman mai laifi a kunne, ya bi ta hanji ya share har da masu gadi. Daga nan zawo. Furobiyotik rayayyun halittu ne da ake haɗiya don su riƙe wurin kafin ƴan gida su farfaɗo. Galibinsu baƙi ne, in an daina sha sai su wuce. Wanda aka ba Auta, Saccharomyces boulardii, yis ne, dangin na burodi, shi ya sa antibiyotik bai taɓa shi. Mai farmasi ya ja kunnena kada in dama shi cikin kunu mai zafi, zafi kashe shi yake yi.

Daga can muka zarce Birni gidan Inna. Ta juya kwalin, ta tambayi kuɗinsa, na faɗa, ta riƙe baki.

"Ke ƴar nan, da kuɗinki kika sayo abin da ke cikin ƙwaryata?"

Na yi dariya, amma sai na tsaya ina kallon hannunta. Ta tafasa madara ta sauke. Ta bar ta ta huce har ta iya tsoma ɗan yatsa bai ƙone ba, ta ɗebo ludayi guda na nonon jiya ta zuba, ta rufe da faifai. Iri take kiransa, kuma iri ne ɗin. Ƙwayoyin da ke cikinsa, irin su Lactobacillus, suna cin sukarin madara su mai da shi tsami, tsamin ya kama madarar ya kuma hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Don haka ne ma wasu da madara ke murɗa wa ciki suke shan kindirmo lafiya lau. Na ba ta labarin Metchnikoff, Barashen da ya yi aiki a Faris ya ci kyautar Nobel a 1908, wanda ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan madara mai tsami. Inna ta ce da ya tambayi Fulani da bai sha wahala ba.

Inda muka saɓa shi ne da ta ce in ajiye garin in ba Auta nono kawai. Ban yarda ba. Kowane iri da aikinsa, kuma na kwalin an san adadinsa. Nonon talla ma ban ba yaro marar lafiya in ban san ko an tafasa madarar ba, ko wane ruwa aka sirka da shi. Nata dai na amince, a gabana aka yi.

Da la'asar Auta ya sha garinsa yana yamutsa fuska, ya bi da rabin kofi na nonon kakarsa ya nemi ƙari. Sau biyu kawai ya zaga tun azahar. Ban san wanda zan gode wa ba, Inna kuwa ta riga ta yanke hukunci. Ta cika mini ƴar roba da iri, ta ce in na bari ya mutu kada in dawo roƙo.