Zanen da ya ƙi buɗuwa a wayar magini

Ranar wata Laraba da la'asar shugaban maginan da ke aikin wani gida a bayan gari ya kira ni. "Injiniya, abin nan da ka turo fa ya ƙi buɗuwa. Wayar sai juyi take yi, har ta yi zafi." An riga an haƙa tushe, leburori na zaune a inuwa, ana jiran awon da za a kafa ginshiƙai. Shi kuwa mai gidan zai biya kuɗin yinin, ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Gida ne mai ɗakin kwana huɗu da falo biyu. Na zana shi a AutoCAD, manhajar zanen gini a kwamfuta, shafi 14, kowanne a girman takarda A1. Da na fitar da shi PDF sai nauyinsa ya kai megabait 86. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a jikin wasiƙa, don haka na tura ta WhatsApp, tunda shi yana karɓar fayil har na gigabait 2. Ya tafi kuwa, ni ma na saki jiki. Ban tsaya na yi tunanin irin wayar da za ta buɗe shi ba, da kuma datar da bawan Allah zai ƙona kafin ya sauke.

Cikin gaggawa na ɗora fayil ɗin a ɗaya daga cikin shafukan intanet masu matse PDF. Ya dawo da shi megabait 9, na yi murna, na tura. Ba a yi minti goma ba ya sake kira: "Oga, wannan lambar ta bangon gabas, uku ce ko takwas?" Na buɗe na duba, wallahi ni ma da ƙyar na rarrabe. Matsewar ta dusashe lambobin awo a wasu shafuka. A gini kuwa tsakanin milimita 3,300 da 3,800 akwai rabin mita cif. A ranar, da baki na karanta masa awon, ɗaya bayan ɗaya. Daga baya kuma wani abu ya dame ni: na ɗauki zanen gidan mutum, da ɗakunan iyalinsa da ƙofofinsa duka, na miƙa wa shafin da ban san mai shi ba. Ban sake yin haka ba.

Da daddare na zauna na fitar da shafukan ɗai-ɗai, na jera su bisa nauyi. Nan abin ya fito fili. Guda 11 babu wanda ya kai megabait ɗaya. Shafuka uku ne suka ɗauke nauyin gaba ɗaya.

Abu iri biyu ne ke zama a cikin PDF. Akwai layi na lissafi, wanda fayil yake riƙe shi da bayani kaɗan: daga wuri kaza zuwa wuri kaza, kauri kaza. Akwai kuma hoto, wanda ɗigo-ɗigo ne aka jera. Takardar A1 milimita 594 ce da 841. Idan aka mayar da ita hoto a kan ɗigo 400 a kowane inci, ɗigon ya kusa miliyan 124 a shafi ɗaya. To ina wayar magini za ta kai wannan kaya? Gane wanne kake da shi ba wuya: ka yi ta zuƙo shafin har ya ninka sau goma sha shida. In layin yana nan siriri, kaifi, to layi ne. In ya zama kamar matattakala, ya koma hoto.

Na farko cikin ukun shi ne zanen fili. Na sa hoton tauraron ɗan'adam na unguwar a ƙasa, hoto mai girman gaske wanda ɗan yanki kawai nake bukata daga cikinsa, sannan na shafa wa filin koren launi mai shara-shara don a riƙa ganin abin da ke ƙarƙashi. Domin shara-sharan ya fito na danna akwatin Plot transparency, wanda manhajar da kanta take barinsa a kashe saboda nauyin da yake jawowa. Da na zuƙo, har iyakar filin da lambobinta sun zama matattakala. Na yanke hoton daidai yankin da nake so, na rage girmansa tun kafin na shigo da shi, na cire shara-sharan na sa launi mai haske na zahiri, na tura shi bayan layuka. A ido kusan babu bambanci.

Na biyu fuskar gidan ce ta gaba. Na bar tagar kallon, wato gurbin da ke nuna zanen a shafi, a kan salo mai inuwa don ta burge Alhaji, alhali duk tagar da ke kan irin wannan salo hoto take fita. Na mayar da ita 2D Wireframe, salon layi zalla, hoton adon kuma na ware masa fayil nasa daban. Magini bai bukatarsa.

Na ukun ya fi ba ni wahala, domin shi babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Yankan gini ne, wato zanen da ke nuna cikin ginin kamar an yanka shi, inda na cike kankare da yashi da zanen AR-CONC da AR-SAND a ma'auni ƙanƙane ƙwarai. Kowane ɗan ɗigon yashi layi ne mai zaman kansa, kuma sai waya ta zana su duka kafin ta nuna shafin. Na buɗa ma'aunin har yashin ya yi sarari, sannan na bi zanen da OVERKILL, wanda ke share layukan da suka hau kan juna. Na sha mamakin yawan abin da ya kwashe, bangon da na kwafa sau biyu ban sani ba. Ingancin layi na bar shi a ɗigo 1200 a kowane inci yadda yake. Na gwada rage shi, nauyin bai ragu da abin kirki ba, sai da'irori suka fara karkacewa.

Da nauyi ya sauka sai na koma kan abin da ke ɓata fuskar zanen. A duk inda na cike bango da baƙi, wasu fararen layuka sirara suna ratsa shi a karkace, kamar an ja reza. Na goge cikon na sake, na sake, suna nan. Rabin yini ya tafi a haka. Sai na lura in na zuƙo, layukan ba sa ƙara kauri, wasu ma ɓacewa suke yi wasu su ɓullo a wani wurin. Abin da ke cikin fayil da gaske ba ya yin haka. Ashe ciko ana yanka shi ne gunduwa-gunduwa masu kusurwa uku, manhajar karatu kuma tana lallausa gefen kowace gunduwa, sai mahaɗarsu ta fito fari a allo. Na shiga saitin nuna shafi na Acrobat Reader na kashe Smooth line art, suka ɓace ɗif. Na buga shafin a takarda, babu su. Yanzu duk wani aibi da na gani, kafin na taɓa zanen sai na buɗe fayil ɗin a manhaja biyu ko uku, har da burauza, na ga ko yana bin fayil ne ko yana bin mai karanta shi.

Sai maganar rubutu, wadda ta fi taɓa ni. Alhaji ya ce a sa sunayen ɗakuna da Hausa don uwargida da magina su karanta ba tare da an yi musu tafinta ba, kuma na ji daɗin wannan bukata. Amma tsofaffin salon haruffan AutoCAD da ake kira SHX, irin su romans, ba su da ɗ da ƙ da ɓ. Inda na rubuta ɗakin kwana, alamar tambaya ce ta zauna a gurbin harafin farko. Da yawa daga cikinmu a nan sukan haƙura su rubuta daki da kofa. Ni ban yarda da wannan ba, zanen da aka kula da milimitarsa ya kamata a kula da haruffansa. Na koma salon rubutu na Noto Sans, wanda ke da haruffanmu masu lanƙwasa, na kuma tabbatar an cusa shi a cikin fayil ɗin, don kada waya ta maye gurbinsa da wani. Faɗin harafin na bar shi a 1, domin in ka matse shi yakan fita a matsayin zane, ba za a iya neman kalma a ciki ba. Ragowar rubutun SHX kuwa yana fitowa da tarin akwatunan sharhi a PDF. Sa saitin PDFSHX na AutoCAD a kan 0 ya kawar da su.

Fayil na ƙarshe ya tsaya a ƙasa da megabait 6. Kafin na tura, na gwada shi a wata tsohuwar waya da ke cikin durowata, ya buɗe nan take.

Washegari na je shagon buga zane da rula a aljihu. Yaron shagon ya fitar da shafin farko, na ɗora rula a kan ƙofar falo. Ƙofa mai milimita 900 a ma'aunin 1:100 dole ta ba da milimita 9 a takarda. Ta ɗan gaza. Na ce, "Ƙanena, duba mini saitin nan." An bar shi a kan daidaita zane da takarda, wanda ke ɗan rage komai don gefe ya samu. Ya mayar da shi ainihin girma, ya sake bugawa, rula ta tsaya a kan 9. Na naɗe takardun na wuce da su wurin gini. Na tarar da shugaban maginan ya riga ya buɗe nasa a waya, yana karanta wa yaronsa 3,300, shi kuma yana jan igiya.